Saniyar Haruna da ke Cikin Serber

Jiya ina saka sabon ma'aikaci a serber, ɗaya daga cikinku yana tsaye a bayana yana leƙe. Ya ga na buga layi guda, na danna, na ɗauki kofin shayina. Sai na ji yana raɗa wa ɗan'uwansa, "Ashe iyakar aikin ke nan?" To madalla. Ku jawo kujeru, ku ajiye salulolin nan, yau Mushe Rezo, wato ni malamin haɗa na'urori, zai ba ku labarin iyakar aikin. Sunana na yanka Mamman Sani, amma rabon da wani ya kira ni da shi a Gure har na manta, in ban da gyatumata.

Serber dai kun san ta: babbar ordinater ce, kwamfuta ke nan, da ke zaune a ɗaki guda tana huci, sauran na'urorin biro, wato ofis, duk wurinta suke zuwa ɗiban abin da suke so. Kowane ma'aikaci da ƙofarsa, ita muke kira kont, da sunansa da modepas ɗinsa, wato kalmar sirrin da ba wanda ya kamata ya sani sai shi. Aikina in buɗe wa wanda ya zo ƙofa, in toshe ta wanda ya tafi. A takardar lakwal, makarantar boko, layi biyu ne. A Gure kuwa na taɓa hawa motar kasuwa tsakanin awaki saboda layin nan na biyu.

A wani sibar, shagon intanet, na Damagaram na koyi aikin, wurin Mushe Lawali, mutum gajere mai faɗa kamar an taka masa ƙafa. Watannin farko ko klabiye, maɓallan buga rubutu, bai bari na taɓa ba. Buroshin fenti ya ba ni, in bi na'urori ina share musu ciki, ina tsince gizo-gizo daga fanka. Ranar da ya yarda na zauna gaban allo, serber ta ƙi umarnina, ta rubuto wani ɗan layi. Na kai hannu zan sake bugawa, sai na ji rula a bayan yatsuna. "Karanta abin da ta ce!" Na karanta. "Da ƙarfi!" Na karanta da ƙarfi, har masu aika saƙo suka waiwayo. "To me ta ce?" Sai a lokacin na gane ban ji ba, gani kawai na yi. Mushe Lawali yakan ce na'ura ba ta da kunya kuma ba ta da ƙarya, abin da ke damunta take faɗi, mu ne ba mu da haƙurin saurare. Har yau in saƙon kuskure ya fito, leɓena na motsi, yatsuna kuma na ja da baya da kansu.

Jakata da kuke dariyarta, ga abin da ke ciki: turnabis biyu na kwance ƙusoshi, fensar matse kebur, buroshin nan na Mushe Lawali da ya kusa zama sanda, kle guda uku na ɗaukar bayanai a aljihu, ƙaramin diski naɗe cikin tsohon ɗankwalin matata, da goro. Kar ku raina goron. Rabin matsalolin da na warware a garin nan mai gadi ne ya fara ba ni labarinsu, kuma mai gadi ba ya buɗe baki da turnabis.

Shekarar da kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta ɗaukewa ita ce shekarar da na rame. Ondiler, akwatunan da ke riƙe wa na'ura wuta, duk sun mutu, batir sun kumbura kamar burodi. Wani mai lakwal mai zaman kanta ya aiko a kira ni, wai serber ɗinsa ta ƙi karɓar sabon malamin lissafi. Na tarar kuran ya yanke ne daidai lokacin da sakatarensa ke saka sunan. Ita serber in za ta rubuta suna a kundinta, sai ta rataye ɗan kwaɗo a ƙofa don kar wani ya shigo su yi rubutu biyu a lokaci guda, in ta gama ta cire. To wuta ta tafi, kwaɗo ya zauna. Duk wanda ya zo sai ta ce masa, "An kulle, a sake gwadawa an jima." Shi kuwa bawan Allah mai biyayya ne, sai ya riƙa sake gwadawa an jima. Bayan kowace salla ya zo ya gwada, mako guda cur! Na duba na tabbata ba kowa a ciki, na cire kwaɗon, malamin lissafi ya shige. Mai lakwal ya riƙe haɓa ya ce, "Amma fa ita ta ce an jima." Na ce ai ba ta yi ƙarya ba, ga shi an jiman ta zo da jaka a kafaɗa.

Amma aikin da nake so ku ji, a biron wata ƙungiyar makiyaya da masu lambu aka yi shi. Ni ba ma'aikacinsu ba ne na kullum, nakan leƙa ne in an kira ni. Shugabarsu Hajiya Zara ta kira ni wata safiya, na tarar da wata budurwa zaune a gefen teburinta ta ƙanƙame jaka. Sunanta Falmata, ɗiyar wani mai lambun dabino ce a kwari, ta gama karatunta, an ɗauke ta gwaji. Gurbin da za ta cika na wani Haruna ne, Bafillace, wanda ke shigar da bayanin allurar dabbobi da hotunan rijiyoyi. Haruna ya ɗauki konje, hutun aiki, tun daminar bara don mahaifinsa ya kwanta ciwo ba mai bin garke, daga nan konje ya yi ta tsawo har kowa ya gane ba mai dawowa ba ne.

"Mushe," in ji Hajiya, "'yan misiyo, masu duba aiki na babban biro, za su zo daga Damagaram ƙarshen watan nan. Gurbi ɗaya, kont ɗaya, haka dokarsu take. In sun tarar da sunan Haruna ba su tarar da aikin yarinyar nan da sunanta ba, za su ce gurbin bai zama nata ba, su turo mana wani daga can. Cire shi, saka ta."

Na ce, "Hajiya, kafin shayin nan ya huce."

Shayin ya huce, an sake dafa wani, shi ma ya huce. Na ce a saka Falmata, serber ta ce ba za ta iya rubuta komai ba. Na nemi kwaɗon da na saba cirewa, babu shi. Na karanta saƙon da ƙarfi, Falmata ta ɗago ta dube ni kamar ta ga mai taɓin hankali. Sai na auna diski, na same shi cike maƙil, ko wurin saka allura babu. Na bi ɗaki ɗaki in ga wa ya cinye wurin, sai ga kont ɗin Haruna ya kumbura ya fi na sauran ma'aikata duka a haɗe. Mutumin da ya fi shekara yana daji! Na ce to da kyau, jifa ɗaya zan yi in huta: in cire Haruna, wuri ya samu, Falmata ta shiga. Na ba da umarni. Serber ta ce, "Ba zan cire shi ba, yana ciki yana aiki."

Na waiwaya na ƙirga kawunan biro, kowa na kan kujerarsa da sunansa. Na ce wa Hajiya, "Haruna na ciki." Ta ce, "A'uzubillahi, cikin ina?" Mai share-share ta ajiye tsintsiya ta koma bakin ƙofa.

A nan ne ku 'yan lakwal za ku ce, ai akwai umarnin tilas. Akwai. Na san shi tun kuna shan nono. Zan iya kashe zaman da ke buɗe, in canza modepas, in share kont ɗin da ƙarfin tsiya, serber ba za ta ce uffan ba. Amma wanda ya shigo maka gida ba ka ga fuskarsa ba, in ka toshe ƙofa ka kwanta, gobe ta taga zai zo. Kuma a cikin kont ɗin nan akwai aikin shekaru, hoton kowace rijiya daga nan har Alakos. Sai na kashe zaman kawai, na bar modepas yadda yake, na ce bari mu ga. Washegari na zo, Haruna ya dawo ciki abinsa, kont ɗin ya ƙara ƙiba kaɗan.

Na buɗe tarihin shige da fice da serber ke ajiyewa. Kowace safiya ta Allah, bayan sallar asuba, Haruna na shiga. Ranar salla ya shiga. Ranar da ruwa ya cinye hanyar kasuwa ya shiga. Ni da nake cin abinci da aikin nan ban taɓa zuwa aiki a kan lokaci haka ba. Kuma duk daga na'ura guda yake shiga, wadda ba ta cikin waɗanda na sani. Na je bayan serber na bi kebur ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani toka-toka da ba ni na ja shi ba. Ya hau bango, ya bi ta rufi, ya sauka ta bayan gida. Falmata na biye da ni riƙe da tsani, ni ina sama ina atishawa. Kebur ya kai mu mangaza, inda ake ajiye buhunan dusa da kanwa. Can ƙurya, bayan buhuna, ga wata tsohuwar ordinater da aka daɗe da yafewa, an lulluɓe ta da tabarma mai tsabta, an share gabanta tas. A kan klabiye an ɗiɗɗiga wa wasu maɓallai shuɗin fenti, irin wanda ake shafa wa dabbar da aka yi wa allura.

Makullin mangaza mutum ɗaya ke riƙe da shi, Ba Ari mai gadi, dattijon Babarbare da ya girmi ginin kansa. Na same shi a inuwar bedi yana hura gawayin shayi. Na durƙusa, na miƙa goro.

"Wushe, Ba Ari."

"Wushe, wushe, ɗana. Ka ga saniyar?"

"Wace saniya, Ba Ari?"

"Ta Bafillacen nan. Na ga kun shiga wurinta. Ya ka gan ta? Ta yi kyau ko?"

Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ba sai na faɗa muku ba. Shekarun da Haruna ya yi a biron nan, kullum sai sun taɓa shi da Ba Ari a bakin ƙofa, wannan ya ce bawana, wancan ya ce kai ne bawana. To ni na kafa doka a serber ɗin, kont ɗin da ya yi wata uku ba a shiga ba ya kulle kansa. Haruna ya san da haka, kuma lokacin yana zaton zai dawo. Ranar da zai tafi sai ya ja kebur zuwa mangaza, ya ɗiga fenti a maɓallan modepas ɗinsa, ya kira Ba Ari yana dariya ya ce, "Babarbare, ga saniyata amana. In ba a shayar da ita mutuwa take. Amma na sani ko kaza aka ba ku kiwo, kafin la'asar tana cikin tukunya." Ya nuna masa maɓallan bi da bi, ya nuna masa wani ɗan hoto a allo da zai danna don a ga alamar rai. Hoton nan kuwa na yin kwafin dukan ajiyar Haruna ne. Kowace safiya kwafi guda, hotunan rijiyoyi da komai.

Ba Ari bai san boko ba, allon Muhammadiyya ya yi. Amma maɓallan nan ya haddace su kamar hanyar gidansa.

"Ya ce ba mu iya kiwo ba," in ji shi, yana ɗaga buta sama yana zuba shayi. "To ga ta nan. Ko zazzaɓi nake sai na rarrafa na shayar da ita. Kuma haihuwa take, ɗana! Kullum in na danna sai in ga an ƙaru. Allon ya cika har sun gangara ƙasa. Wane Bafillace ne ya taɓa samun saniya mai haihuwa kullum?"

Na so in riƙe dariya, ta fi ƙarfina, na zauna daɓas a ƙasa. Falmata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ba Ari ya ɗauka murna muke taya shi, shi ma ya shiga ƙyaƙyatawa, har shayin ya zube a gawayi.

Dariyar ta tsaya ne a gaban Hajiya. Ta saurara, ta yi tata dariyar, ta share hawaye ta ce, "To Mushe, tunda ba ɓarawo ba ne ba aljani ba, share." Ba Ari ya tambaya me ake nufi da share. Na yi masa bayani a hankali. Sai ya sa hannu a aljihu, ya fito da tarin makullan biro, ya ajiye a kan teburin.

"Hajiya, biro naki ne, na'ura taki ce. Amma amana tawa ce. In za a yanka ta ba da bakin mai ita ba, a bari in fita tukuna, kar a yi ina mai gadin gidan. Gobe in ya zo ya ce ina saniyata, in ce masa me? In ce gaskiyarsa, Babarbare ya cinye?"

Na ce ko 'ya'yan ne a bari in kwashe su zuwa wani diski don wuri ya samu. Ya ce ba a raba garken amana. Hajiya ta ce ko an kwashe su ma, sunan Haruna na nan a gurbi, 'yan misiyo kuma ba su san wasan Fulani da Barebari ba. Kowa ya juya yana duban Falmata, don abincinta ne a kan teburin tare da makullan. Ni dai tausayinta ya kama ni, na san irin jiran da gidansu suka yi. Sai ta ce, murya can ƙasa, "Hajiya, ni ba zan shiga aiki ta kan wuyan Ba Ari ba. A nemo Haruna."

Nemo Bafillace da damina! Salularsa ba ta shiga, inda yake ba rezo. Muka aika ta bakin masu nono, ta bakin direbobi, ta bakin mai sayar da maganin dabbobi. Kwanaki na tafiya, ƙarshen wata na matsowa, Falmata na zuwa kullum ta zauna gaban allon da bai san sunanta ba. Ba Ari kuwa bai fasa shayarwa ba, sai dai na roƙe shi da girman Allah ya dakatar da haihuwar, don serber ta fara nishi. Ya ce zai duba. Ana saura 'yan kwanaki wani dillali ya ce mana Haruna zai kawo raguna kasuwar Gidigir.

Motar biro na gareji, sai muka hau ta kasuwa. Ba Ari ya sha babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, aka ba shi gaba. Ni da Falmata baya, ita kan buhun albasa, ni da wani bunsuru da ya ƙudura sai ya ɗanɗani ɗankwalin da na naɗe diski. Duk wanda ya tambaya ina za mu, Ba Ari ya leƙo ta taga ya ce, "Za mu mayar wa wani Bafillace saniyarsa." Mutane su duba motar sama da ƙasa su ce ina saniyar. Ya nuna jakata.

Mun samu Haruna a kasuwar dabbobi, ya yi baƙi ya rame, sanda a kafaɗa, yana ciniki. Da ya hango mu ya saki igiyar rago ya taho da gudu.

"Kai! Bawana! Wa ya sake ka ka bar ƙofa? Mushe Rezo, lafiya kuka kwaso mini tsohon nan?"

"Bawan gidanku," in ji Ba Ari, bakinsa har kunne. "Zancen saniyarka ya kawo ni."

Haruna ya dube shi, ya dube ni. "Wace saniya?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Murmushin na nan a fuskar Ba Ari amma ba kowa a cikinsa. Ya sa hannu ya gyara hular da ba ta karkace ba. Na matsa kusa da Haruna na ce masa da sauri, mangaza, shuɗin fenti, kowace asuba tun ranar da ka tafi. Na ga abin ya faɗo masa. Ya buɗe baki zai yi dariya, ya sake duban tsohon, dariyar ta koma. Sai ya jingine sandarsa, ya tsuguna a gaban Ba Ari cikin kashin awaki, ya sauya murya irin ta makiyayin da ya zo duba dabbarsa.

"Baba, zafin kasuwa ne ya ɗauke mini hankali. Ya take? Tana sha?"

"Kullum," in ji Ba Ari, a taƙaice.

"Ba ta yi ciwo ba?"

"Sau ɗaya yaron nan ya kwantar da ita." Ya nuna ni da haɓa. "Da asuba na tashe ta."

"Ta haihu?"

Nan fa tsoho ya dawo da ransa. "Haihu? Tambayi Mushe! Garken ya cika gidan har baƙuwa ta rasa wurin shimfiɗa tabarma. Kai da ubanninka kun taɓa kiwo irin wannan?"

Haruna ya kama kai da hannu biyu ya ce ya tuba, daga yau Barebari ne malaman kiwo. Dillalai da masu saye suka kewaye mu, kowa na tambayar wace irin saniya ce, ja ce ko fara. Ba Ari ya ce shuɗiya ce. Haruna ya miƙe ya ce jama'a su zama shaida. Ya ce a al'adarsu, wanda aka ba saniya ya riƙe, in lokacin mayarwa ya yi uwar ce ke komawa ga mai ita, 'ya'yan na mai kiwo ne. Saboda haka ya karɓi uwar, ya gode, kuma ga shi ya ba Falmata ita kyauta, ta ci gaba da aikin rijiyoyi. 'Ya'yan kuwa duka na Ba Ari ne halak malak.

Jama'a suka ce madalla. Ni kaɗai ban ce ba, don 'ya'yan nan su ne suka cike mini diski, ga shi yanzu an mallaka wa mutumin da ba ya raba garke, a gaban shaidu. Na ce, "Ba Ari, to garken naka fa, a ina za su kwana?" Ya bar ni ina zufa, ya tauna goro, ya tofar, ya dubi Falmata. Sa'an nan ya ce shi tsoho ne, ɗawainiyar garke ta fi ƙarfinsa. A ware masa auta guda, sauran ya yi sadaka da su. Haruna ya ɗaure masa ɗan rago na gaske a kan haka, wai ladan kiwo, muka dawo da shi a mota, ya haɗa kai da bunsurun nan a kan jakata.

Ku lura da yadda aka bi aikin, don nan ne sana'ar take. Ba Ari ya shiga mangaza ya buga modepas da yatsa guda, ya fita daga kont ɗin da hannunsa, na nuna masa inda zai danna. Na kwafe ajiya ta ƙarshe a diskina, na buɗe ta na tabbata tana buɗuwa, don kwafin da ba a gwada ba fata ne kawai. Na zuba auta a kle guda na ba shi, ya sa a aljihun gaba tare da carbi. Na share sauran kwafin, serber ta numfasa. Na cire Haruna, na bi ɗakuna na tabbata ba abin da ya rage da sunansa ba mai shi. Sa'an nan na saka Falmata, na mayar da uwar ajiyar da sunanta. Na danna. Serber ba ta ce komai ba. Falmata ta ce, "Mushe, ba ta amsa ba." Na ce a sana'armu shirun nan shi ne guɗa. Mai share-share ta ji an ce guɗa, ta rangaɗa ta gaske. Kwanakin da suka rage Falmata ta yi aiki kamar za ta cinye klabiye, 'yan misiyo suka zo suka ga sunanta a kan rijiyoyi, gurbi ya zama nata.

Ba Ari ne abin bai yi wa daɗi ba. In na biyo da sassafe nakan gan shi zaune a ƙofar mangaza, hannuwa a kan gwiwa, shayin ma ba ya hurawa da ƙarfi. Ya daina tsokanar masu nono. Hajiya ta ce tsufa ne.

Bayan girbi aka tura Falmata Damagaram ƙarin horo na 'yan makonni. Ina duba tarihin shige da fice kamar yadda na saba, sai ga Falmata ta shiga bayan sallar asuba, daga na'urar mangaza. Na kira ta a salula raina a ɓace, na ce ke da na koya wa da bakina cewa modepas ko uwarki ba ki ba, kuma kin san kont ɗinki ba zai kulle a 'yan makonni ba.

"Na sani, Mushe," in ji ta. "Ba ka ga yadda ya rame ba?"

Doka ce, kuma in na kama ɗayanku ya ba wani modepas ɗinsa sai na kore shi daga ɗakin nan. Ranar dai na zauna, na ɗaure kont ɗin ta yadda daga mangaza ba a iya taɓa komai sai shiga da fita, na cire ɗan hoton nan mai yin kwafi. Bayan kwana biyu na biya da asuba. Na tarar da shi a gaban allo, an sake ɗiga sabon fenti, tabarma a ninke gefe, yana ta leƙen ƙasan allon yana tsaki.

"Ɗana, zo ka duba mini. Tana sha lafiya lau, amma wannan ba ta haihuwa."

Na leƙa allon tare da shi, na daɗe ina dubawa kamar mai bincike.

"Karsana ce, Ba Ari," na ce. "Ka ba ta lokaci."